Baba, Allah Yana Jin Hausa?

Zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki na gida da na waje,

An ce mini ruwan shuka ya sauka a wajenmu, har wasu sun gama da masara sun koma kan dawa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu nan Birmingham sanyi ya ja da baya, rana kuma ta ƙi faɗuwa. Ƙarfe tara na dare sai ka ga gari da haske kamar la'asar sakaliya, har yarinya ta riƙa gardama wai ita ba za ta kwanta da rana ba.

Na san na daɗe ban rubuto ba, ku yi mini gafara. Karatu ne ya sha mini kai. Amma wani abu ya faru ranar Lahadin Fentikos da ya hana ni sakat, na ga gara in zauna in ba ku labari, domin a ƙarshe akwai roƙon da zan yi muku.

Kamar yadda na taɓa gaya muku, majami'ar da muke zuwa ƙarama ce, amma an tara jinsi iri-iri a cikinta: tsofaffin Turawa, da mutanen Jamaika, da 'yan Ghana, da Indiyawa, da wasu samari Iraniyawa. To, fastonmu ya shirya cewa ran Fentikos duk mai wani harshe ya fito ya karanta 'yan ayoyi daga Ayyukan Manzanni sura 2 da harshensa. Da aka tambaye ni ban ko yi jinkiri ba. Ran nan na ciro babbar rigata daga ƙasan akwati, na kafa hula, na ɗauko Littafi Mai Tsarki na marigayi Baba, wanda Inna ta ɗinka wa riga da ƙyallen atamfa. Waɗanda suka san shi za su tuna, tsohuwar fassara ce, mai cewa Yohanna da Kubawar Shari'a, ba Yahaya da Maimaitawar Shari'a ba kamar wadda ta fito wajen 1980. Da layi ya zo kaina na tashi na karanta da murya irin ta Baba, ina ja ina sauke numfashi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Muna hanyar komawa gida ina riƙe da hannun 'yar tawa. Kun san sunan Inna gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Shekararta biyu muka zo da ita ƙasar nan, yanzu tana da shida. Tun daga majami'a na lura ta yi shiru. Can sai ta ɗaga kai ta tambaye ni da Turanci, abin da in an mayar da shi Hausa ke nan: "Baba, Allah yana jin Hausa?"

Sai na yi dariya, na ce mata ƙwarai kuwa, na kuma shiga yi mata lacca. Ai kun san halina. Shekara huɗu ke nan ina tone-tonen takardun mishan a kan tarihin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ga shi an yi mini tambaya a kan gonata. Na gaya mata tun 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, na gaya mata Littafin gaba ɗayansa ya fito a 1932, na kawo sunan Likita Miller da Wusasa. Yarinya dai ta ce to, ta saki hannuna ta bi wata tattabara da gudu.

Sai da dare, bayan ta yi barci, uwargida ta ce da ni, "Maigida, ka amsa wata tambaya ce daban, ba wadda aka yi maka ba. Ka zauna ka lissafa Hausar da yarinyar nan ta sani."

Na zauna na lissafa. Zo nan. Bari. Sauka. Kul. Ki yi shiru. Maza ki cinye. Wa ya zubar da wannan? Ban kai ƙarshe ba jikina ya yi sanyi. In za mu tsawata mata, da Hausa ne, domin ita ce ke fara zuwa baki in rai ya ɓaci. In za mu yi maganar kuɗin haya, ko wata matsala ta gida da ba mu so ta ji, sai mu juya Hausa. In mun sami saɓani ni da uwarta, da Hausa ne. Amma addu'ar cin abinci da Turanci. Addu'ar kwanciya da Turanci, domin na dawo a gajiye, ita kuma abin da ta fi saurin ganewa ke nan. Labarin Dauda da Goliyat da Turanci. Ni kaina da Hausa nake addu'a, amma a zuci, inda ba ta ji. To, yarinyar da ta san Hausa a matsayin harshen faɗa da ɓoye-ɓoye, in ta ga ubanta ya tsaya a gaban jama'a yana karanta maganar Allah da shi, me zai hana ta tambaya? Laifi tudu ne. Na yi shekaru ina hango kurakuran Turawan mishan a cikin tsofaffin takardu, ashe ina tsaye a kan nawa.

Tun daga ranar kalmar nan "ji" take ta yi mini yawo a kai. Ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba sai yanzu. Bature yana da kalma daban don abin da kunne ya kama, da wata don abin da hankali ya gane, da wata don abin da jiki ya sha, da wata don ɗanɗano, da wata don ƙanshi. Mu kuwa duk "ji" ne. Muna jin kira, muna jin Larabci, muna jin yunwa, muna jin gishiri a miya, muna jin ƙanshin ƙasa in an yi ruwan fari. Muna jin kunya, muna jin tausayi, muna jin ƙai. In kuma aka ce yaro ba ya ji, ba kurma ake nufi ba, ana nufin ba ya bin magana. A wajen Bahaushe, in magana ta shiga kunne ba ta taɓa zuciya ba, ba ta kuma motsa ƙafa ba, to ba a ji ta ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, Ibrananci ma kusan haka yake. Kalmarsu ta "shama" tana ɗauke da saurare, da ganewa, da biyayya. Da ita aka buɗe babban kiran nan ga Isra'ila a Maimaitawar Shari'a sura 6, wanda Yahudawa suke karantawa safe da yamma. Daga ita kuma aka sami sunan Isma'ilu, wato "Allah yana ji". Ku duba fa, babu garin da za ka shiga a ƙasarmu ka rasa Sama'ila. Ashe amsar tambayar Uwata tana yawo a kasuwanninmu da ƙafa biyu, ana kiranta kullum, ba mu lura ba.

Wannan ya sa na koma Farawa sura 16 da sura 21, labarin Hajaratu. Baiwa ce, Bamasariya, a gidan da ba na iyayenta ba. Da zama ya yi tsami tsakaninta da Saratu sai ta gudu da ciki, mala'ika ya same ta a bakin wata maɓuɓɓuga a hanyar Shur, wato ta nufi wajen ƙasarsu. Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk da yawan karanta wurin, shi ne ba a rubuta cewa ta yi addu'a ba. Dalilin da aka ba ta na sunan yaron shi ne Ubangiji ya ji wahalarta. Wahala kuwa ba ta da yare. A karo na biyu, bayan an sallame ta da ɗanta, ruwa ya ƙare a salka cikin jejin Biyer-sheba, ta ajiye yaron a ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Ita ce aka ce ta fashe da kuka, amma muryar yaron aka ce Allah ya ji. Ba a gaya mana abin da yaron ya faɗa ba, ko da harshen uwarsa ne ko da na ubansa, ko kuwa nishi ne kawai na wanda maƙogwaronsa ya bushe.

Ina karanta wannan sai wani yaro ya faɗo mini a rai, wanda na daɗe ina cin karo da sunansa a cikin aikina. Sunansa Dorugu. Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi yana ƙarami aka sayar, har ya faɗa Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya fanshe shi. Da Overweg ya mutu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da su ya je Timbuktu ya dawo, da su ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, a 1855 suka sauka Landan. Ku auna fa, yaron da bai kai shekara ashirin ba, ba uwa ba uba, a cikin wannan sanyi, tun babu jirgin sama balle waya.

A nan Ingila ya zauna a gidan wani mai bishara, shi ma Bajamushe, mai suna Schön. Shi Schön ya fara koyon Hausa ne a Saliyo, a bakin bayin da aka 'yanta, yana kuma cikin tafiyar da aka yi a kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, amma bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Samun Dorugu a gidansa ya zame masa kamar an kawo masa rijiya har ƙofar ɗaki. A shekarun nan ne ya buga Matiyu a 1857, da littafin Farawa a 1858, da nahawun Hausa a 1862. Ya kuma rubuta labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa, wanda ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya koma gida a 1864, daga baya ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912.

Ina yawan kwatanta zaman nan nasu a raina. Dattijo da alƙalami, yaro a gefe, an zo kan labarin baiwar da ruwa ya ƙare mata a jeji. Wane ne a cikinsu ya san abin da ake nufi da salka ta bushe? Wane ne ya san yadda ake raba ɗa da gidan ubansa? Sunan Schön ne a bangon littattafan, ba na kuma rage masa ladansa, domin ya ba da ransa ga aikin. Amma Hausar da maganar Allah ta fara sakawa a takarda, an ɗebo ta ne daga bakin bayi da marayu da baƙi. Haka ma fassarar 1932 da Baba ya rasu yana karantawa. Miller ya shigo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a Zariya, amma bai yi aikin shi kaɗai ba, da Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa magana aka yi. Marigayi Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya, ya yi littafi guda a 1989 a kan wannan batu: bangaskiyar Kirista ba ta da harshen da ta keɓe ta ce shi kaɗai ne mai tsarki, tun farkonta da fassara take tafiya. Ai ko maganar Yesu kansa, wanda ya yi wa'azi da Aramiyanci, da Helenanci aka rubuta mana ita.

Sai na sake duba surar da na tsaya na karanta da babbar riga. Tsakanin aya ta 6 da ta 11 sau uku aka ambaci ji. Mun saba ɗaukar abin da ya faru ran Fentikos a matsayin al'ajabin baki, amma mutanen da suka taru abin da ya girgiza su shi ne na kunne: kowa ya ji yaren gidansu. Ga kuma wani abu. Mutanen nan Yahudawa ne da waɗanda suka shiga addinin Yahudawa, mazauna ƙasashe dabam-dabam, har da Masar da wajen Libiya da ƙasar Larabawa. Irin mutanen da suka saba da harshen kasuwa ne da na sujada, shi ya sa da Bitrus ya tashi wa'azi suka fahimce shi har zukatansu suka soku. Wato ko ba a yi musu magana da yaren gida ba, saƙo zai isa. Amma Ruhu Mai Tsarki ya ga dama ya fara taɓa kowa da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. Ni kuwa na mayar da nawa harshen na tsawa.

Ran Asabar da ta biyo baya na kira Inna. Bayan mun gaisa, ta ba ni labarin shuka da na waɗanda suka haihu da waɗanda suka riga mu, sai na gaya mata abin da takwararta ta tambaya. Na zaci za ta yi salati ta ce mun lalata yarinya. Sai ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kai da karatunka ba ka iya amsa wannan ba? Ran da aka haife ka, da wane yare ka yi kuka? Ai Allah ya ji ka. Ka bar ta ta yi addu'arta da Turancinta, yana ji." Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ni ce dai ba na jin ta."

Allah Sarki. 'Yan'uwa, wannan magana ta fi ta farko zafi. Duk lokacin da muka kira gida, sai mu miƙa wa yarinya waya, ta ce "Ina kwana Kaka, lafiya lau," ta miƙo mana abarmu ta gudu. Mu muna dariya muna cewa ta iya gaisuwa. Ban taɓa tunanin yadda abin yake a ɗaya gefen ba: tsohuwa a zaune a kan tabarma, an sa wa jika sunanta, shekara huɗu ba ta taɓa jin abin da ke ran yarinyar ba, ba ta taɓa yi mata wasan kaka da jika ta rama ba. Inna ba ta yi boko ba, ba kuma yanzu za ta koyi Turanci ba. Kun kuma san shekarunta da yanayin ƙarfinta. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin labarin abin da aka yi tun ba a haifi kaka ba. Amma sai in kunnen yana jin harshen da ake ba da labarin.

Nan na gane na kusa yin kuskure na biyu. Da na tashi gyara, so na yi in nuna wa yarinya cewa addu'a da Hausa ta fi, kamar Allah ɗan garinmu ne. Ba haka ba ne. Wanda ya ji Isma'ilu a ƙarƙashin itace, ya ji Dorugu a ɗakin baƙunci, yana jin Turancin Uwata sarai, har da irin lanƙwasar harshen mutanen Birmingham da ta kwaso a makaranta. Allah ba ya bukatar tafinta. Inna ce take bukata, kuma bai kamata a ce sai da tafinta tsakaninta da jikarta ba. In na koya wa 'yata Hausa, ba don Allah ya ji ta ba ne, don ta ji kakarta ne, ta kuma ji irin bangaskiyar da ta riƙe matar nan a shekarun fari da na rashin Baba. Wannan ba ya cikin takardun da nake tonowa, a bakin Inna kaɗai yake.

Na ba wani abokina Bakano labarin nan, Musulmi ne, tare muke karatu, gidansa muke cin tuwon sallah shi kuma yakan zo mana Kirsimeti. Ya ce in bar tona masa ciwo, nasa 'ya'yan uku duk haka suke, in mahaifiyarsa ta kira sai dai su yi ta murmushi a waya. Mun yi shawara iyalanmu su riƙa haɗuwa ran Asabar ɗaya a wata, a ci abinci, a hana kowa Turanci, har mu iyayen.

A gida kuma ga abin da muka fara. Addu'ar cin abinci ta koma Hausa, gajeriya, wadda za ta iya riƙewa. Da dare ina ba ta labari ɗaya da Hausa, in ta ɓace in taimaka mata da Turanci, mu komo. Mun fara da Hajaratu, sai da na zana mata salka a takarda. Ni da uwargida mun kuma yi alkawari, in za mu yaba mata ko mu rarrashe ta, da Hausa za mu yi. Na ga abin da wuya fiye da yadda na zata. "Kul" tana fita da kanta, amma "madalla da Uwata" sai na tuna. Addu'ar kwanciya kuwa na bar mata zaɓi. Jiya da Turanci ta yi ta duka, ta roƙa wa malamarsu lafiya da kyanwar maƙwabta, sai a ƙarshe ta ƙara da Hausa, "Allah ka ba Kaka lafiya." Ban gyara mata komai ba. Na ce amin na kashe fitila.

To, ga roƙon nawa. Na farko, in kun kira mu aka ba ku yarinyar nan, don Allah ku bar gwada Turancinku a kanta. Ku ƙannena da ku nake, na san ku. Ku yi mata Hausa, ko ta yi shiru ku ci gaba, tana ji fiye da yadda take nunawa. Na biyu, duk wanda ya je gida a cikinku, ya zauna da Inna da yamma ya ɗauko mana muryarta a waya ya turo ta WhatsApp: tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da waƙoƙin da suke yi a zumuntar mata, da labarin yadda bishara ta shigo garinmu, da waɗanda suka fara karɓa, da abin da suka sha. Kada ku ce sai an sami lokaci. Ku bar ta ta yi ta magana yadda ta ga dama, ko ta maimaita kada ku katse ta. Na uku, ku sa mu a addu'a. Saura mini babi biyu in gama rubutu, kuɗin makaranta kuma sun kusa ƙarewa. Burinmu in Allah ya yarda mu zo gida da Kirsimeti, in ajiye takwara biyu a kan tabarma ɗaya in koma gefe in yi shiru.

Ku gaishe mini da Inna da kyau, da su Kawu, da Baba Fasto da iyalinsa, da dukan 'yan zumunta. Uwargida tana gaishe ku, ta ce a tuna mata da daddawa da kuka in an sami mai zuwa. Uwata ma tana gaisuwa, da bakinta ta ce in rubuta muku "sannunku".

Ubangiji ya kiyaye mu, ya sada mu da alheri. Ku huta lafiya.

Naku a kullum,
ɗan'uwanku a Birmingham